Sukuru a Cikin Ƙashi: Yadda Ake Haɗe Gaɓoɓin Ƙafa da Abin da Ke Sa Aikin Ya Kama

Daga idon sawu zuwa kan yatsu, ƙafar mutum ƙasusuwa 26 ce, masu haɗuwa da juna a gaɓoɓi 33. A kowace gaɓa Allah Ya shimfiɗa guringuntsi mai santsi a bakin ƙasusuwan, domin su riƙa zamewa a kan juna ba tare da mai ƙafar ya ji komai ba. Illar guringuntsi ita ce, idan ya cinye ba ya sake tofowa. Maginin da ya faɗo daga bene ya dira da dunduniya, ɗan acaɓan da mota ta taka wa ƙafa, yarinyar da shan inna ya murɗe wa sawu tun tana rarrafe, dattijuwar da amosanin gaɓɓai ya daɗe yana ci, duk sukan iso wuri guda, inda ƙashi ke gugar ƙashi, kowane taku kuwa azaba. Idan maganin ciwo da takalmi na musamman da allurar cikin gaɓa duk sun gaza, likitan ƙashi yakan kawo shawarar da ke razana mutane da farko, wato a haɗe gaɓar. A kankare ragowar guringuntsin, a danne ƙasusuwan biyu a kan juna, a ɗaure su da ƙarfe har su zama ƙashi ɗaya. Gaɓar ta daina motsi ke nan har abada, ciwon da motsin ke kawowa kuma ya tafi tare da shi.

Da an zo nan, tambayoyin majiyyaci da 'yan'uwansa sukan karkata ne kan ƙarfen. "Likita, na waje ne? Guda nawa za a sa? Mai tsadar ba shi ya fi ba?" Suna da gaskiyarsu, tunda yawanci daga aljihunsu kuɗin zai fito. Amma ni a ganina ana ba ƙarfen girman da ya wuce nasa. Sukuru ba ya haɗe gaɓa, jiki ne ke haɗe ta. Kafinta idan zai liƙa katako biyu yakan goge fuskokinsu, ya shafa gam, ya matse su da maɗauri har gam ɗin ya bushe. Sukuru shi ne maɗaurin, sabon ƙashin da jiki ke sakawa shi ne gam. Maɗauri mai kyau a kan katakon da ba a goge ba aikin banza ne, amma kuma maɗaurin da aka ɗaura a karkace yakan ɓata aikin da aka shirya da kyau. Don haka yadda ake sa sukuru abin sani ne, muddin an san matsayinsa.

Aikin ya girmi sukurun da shekaru masu yawa. Likitan fiɗa Eduard Albert na birnin Biyana ya ba da rahoton haɗe gaɓar idon sawu tun 1879, a kan ƙafafun da suka shanye. A 1923 Edwin Ryerson na Chicago ya bayyana haɗe gaɓoɓi uku na bayan ƙafa a lokaci guda, a 1927 kuma Lambrinudi na Landan ya fito da nasa salon domin ƙafar da shan inna ya sa take lilo, ba ta ɗaguwa. Waɗannan likitoci ba su da abin da ya wuce su yanke ƙashi, su jera shi, su naɗe ƙafar da siminti su jira. Wasu gaɓoɓin suna kamawa, da dama kuma suna ƙi, ko su kama a karkace saboda ƙasusuwan sun goce a cikin simintin. John Charnley na Ingila, wanda daga baya ya yi suna da ƙugun roba da ƙarfe, shi ne ya nuna a 1951 cewa idan aka matse ƙasusuwan idon sawu da ƙarfi sun fi saurin haɗewa. Da sanduna da maɗaurai na wajen fata ya yi nasa matsin. Waɗanda suka mayar da matsin cikin jiki su ne likitocin Suwizalan, su Maurice Müller da Martin Allgöwer da Hans Willenegger da Robert Schneider, waɗanda suka kafa ƙungiyar AO a 1958, suna bin sawun Robert Danis na Beljiyam. Su suka tsara girman sukuru da na abin huda da tsarin aikin daki-daki, kuma har yau a kan ma'auninsu ake tafiya. Stephan Perren, mai bincike a cibiyarsu ta Dabos, ya ba da dalilin abin: sabon ƙashi ba ya jure miƙewar da ta wuce kashi 2 cikin 100. Idan tsakanin ƙasusuwan na motsi fiye da kima, jiki sai ya cike wurin da tsoka mai yauƙi maimakon ƙashi.

Ga inda sirrin sukurun yake, kuma a nan ya kamata a tsaya sosai. A ɗauki sukuru mai haƙora tun daga kai har ƙasa, a murɗa shi ya ratsa ƙasusuwa biyu da ke da 'yar tazara a tsakaninsu. Haƙoransa sun kama na kusa, sun kama na nesa, saboda haka tazarar tana nan yadda ya same ta, ya ma kulle ta. Domin a samu matsi, dole sukurun ya zame a cikin ƙashin kusa, ya ciji na nesa kaɗai, ta yadda idan kansa ya zauna a kan ƙashin kusa, kowane murɗi zai jawo na nesan. Hanya biyu ake bi. Ko dai a huda ƙashin kusa da faɗin sukurun kansa, na nesa kuma da abin huda mai ƙarancin faɗi. Ga sukuru mai milimita 3.5, alal misali, ramin kusa 3.5 ne, na nesa 2.5. Ko kuma a ɗauko wanda aka ƙera da haƙora a ƙarshe kawai, jikinsa na sama sumul, kamar babban sukurun nan mai milimita 6.5 da ke zuwa da haƙora masu tsawon milimita 16 ko 32. Sharaɗin dai guda ne, dukkan haƙoran su tsallake layin gaɓar. Idan biyu ko uku suka maƙale a ƙashin kusa, likita zai ji sukurun ya yi tauri a hannunsa, ya ɗauka ya matse, alhali gaɓar a buɗe take. Kuskure ne ƙarami a ido, amma yana iya jawo wa mutum tiyata ta biyu.

Murɗin kansa ma sai da hankali. Ƙashin ƙafa, musamman na tsofaffi da na wanda ya daɗe bai taka ba, cikinsa saƙa-saƙa ne. Aka zarce da murɗi sai haƙoran su fasa wurin da suka kama, sukurun ya riƙa juyawa a banza. Shi ya sa ake koya wa sababbin likitoci su yi murɗin ƙarshe da yatsu biyu ko uku, ba da damtse ba. Idan ƙashin na da laushi akan sa washa a ƙarƙashin kan sukurun don kada ya nutse. Idan kuwa ƙashin na da tauri, akan rarake masa mazauni don kan ya kwanta daidai.

Daga baya an samu ƙarin dabaru biyu. Na farko sukuru mai rami a tsakiya. Likita ya fara tura siririyar waya inda yake so, ya duba a na'urar hoton ƙashi ta cikin ɗakin tiyata, in bai gamsu ba ya zare ya sake, in ya gamsu ya zura sukurun a kan wayar. Wannan ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, musamman a bayan ƙafa inda ake harbin wurin da ido ba ya gani. Sai dai ramin yana rage masa ƙarfi kaɗan idan aka gwada shi da cikakke mai faɗi ɗaya, kuma ya fi tsada. Na biyu shi ne sukuru marar kai, wanda Timothy Herbert na Ostareliya ya bayyana a 1984 domin wani ƙaramin ƙashi na wuyan hannu. Haƙoran gabansa sun fi na bayansa tazara, don haka gaban ya fi saurin shiga, sai ƙasusuwan su matso da kansu. Yana nutsewa gaba ɗaya cikin ƙashi, babu kan da zai riƙa tokarar fata ko takalmi. A dunduniya wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma ranar da aka so cire shi, nemo shi a cikin ƙashi yakan zama aiki.

Duk wannan kuwa yana zuwa ne bayan babban aikin, wanda ba a gani a hoto. Likita ya buɗe gaɓar, ya ware ƙasusuwan, ya bi lungu-lungu da ƙaramin cokali mai kaifi da kurfi yana kankare guringuntsi. A ƙarƙashinsa akwai wani ɓawon ƙashi mai tauri, fari fat, wanda jini ba ya ratsa shi sosai. Sai a huhhuda shi da siririn abin huda, a sassare shi ƙanana-ƙanana, har a ga ɗigon jini da kitsen ɓargo suna tsattsafowa ta ko'ina. Ana yi ana zuba ruwan gishiri mai sanyi, domin an gano tun 1983 cewa zafin digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya kashe ƙwayoyin ƙashi. In akwai rami, a cike shi da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun majiyyacin ko ƙwaurinsa. Idan aka yi shirin nan yadda ya kamata, lokacin da aka murɗa sukuru za a ga layin gaɓar ya rufe, jini da ɓargo sun matso waje kaɗan. Wannan shi ne abin da likita ke son gani. Mafi yawan lokacin tiyatar a nan yake tafiya, kuma a nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna.

Sai tsayuwar ƙafar, wadda na fi ɗauka da muhimmanci a kan komai. Gaɓar da ta ƙi kamawa wani lokaci ba ta ma ciwo, amma wadda ta kama a karkace mai ita zai ji ta a kowane taku har ƙarshen rayuwarsa. Dunduniya ana so ta ɗan karkata waje, kimanin digiri 5. Idan ta karkata ciki, mutum zai riƙa tafiya a gefen ƙafa, kanta ta fito, sauran gaɓoɓin su ƙage. Idon sawu kuma ana tsayar da shi ne yadda tafin ƙafa zai kwanta a ƙasa sosai idan mutum ya miƙe, da ɗan juyawa waje kamar ɗaya ƙafar. Saboda haka likita yakan fara riƙe ƙasusuwan da wayoyi na wucin gadi, ya duba ta gaba da ta baya, ya gwada da lafiyayyar ƙafar, kafin ya taɓa sukuru.

Kowace gaɓa kuma da halinta. A ɗauki wadda ke ƙarƙashin idon sawu, tsakanin ƙashin talus da ƙashin dunduniya. Ita ke ba mutum damar tafiya a kan kunya ko tsakuwa, kuma ita ce ke lalacewa bayan fashewar dunduniya. Akan shigar da babban sukuru, mai milimita 6.5 zuwa 7.3, ta bayan dunduniya, sama da inda ake takawa, a nufi cikin talus, a kuma kiyaye kada bakinsa ya ɓullo cikin gaɓar idon sawu. An daɗe ana muhawara ko ɗaya ya isa. Masu cewa biyu suna da hujja mai ƙarfi: sukuru ɗaya yana matsewa, amma ƙasusuwan na iya juyawa a kansa, na biyu shi ke hana juyin, musamman idan an ware su, ɗaya ya nufi jikin talus ɗaya wuyansa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙasusuwan gawa sun goyi bayansu. A kan majiyyata kuwa bambancin bai fito fili haka ba, akwai likitocin da suka samu sakamako mai kyau da guda ɗaya. Abin da na fahimta shi ne, saurayi mai ƙaƙƙarfan ƙashi wanda zai bi umarni, ɗaya na iya isarsa. Mai jiki, ko mai laushin ƙashi, ko wanda ake sake wa aiki, na biyun ya cancanci kuɗinsa.

Gaɓar da ta fi ba likitoci wahala ita ce ta gaban talus, inda zagayayyen kansa ke shiga cikin kwarmin ƙashin nabikula. Ƙarama ce, amma ita ce mabuɗin bayan ƙafa. Wani bincike da Astion da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna cewa idan aka kulle ta ita kaɗai, motsin sauran gaɓoɓi biyu na bayan ƙafa yana raguwa zuwa kimanin digiri 2. Ita ce kuma ta fi ƙin kamawa. Siffarta ta ƙwallo tana ɓoye gefen da ke nesa, sai a bar guringuntsi a can ba a sani ba. Tsakiyar nabikula ba ta da wadatar jini. Sukurun da aka saba shigarwa ta gefen ciki yakan matse wannan gefe kawai, gefen waje ya ɗan buɗe. Maganin da aka fi bi shi ne a ƙara wani sukuru ta sama daga gefen waje, ko a ɗora ƙaramin farantin ƙarfe ko maƙalli, tare da lura da jijiyoyin ji da na jini da ke bi ta saman ƙafa.

Idan aka haɗa waɗannan biyu da gaɓar da ke tsakanin dunduniya da ƙashin kuboid, an yi aikin Ryerson ke nan. Jami'ar Iowa ta bi majiyyata 57 da aka yi wa shi, yawancinsu saboda shan inna, har tsawon shekaru 44 a matsakaici, ta wallafa sakamakon a 1999. Mutum 54 daga cikinsu sun ce sun gamsu da aikin. Amma a hotunansu, gaɓar idon sawu ta kowa ta nuna alamun cinyewa. Dole a faɗa wa majiyyaci wannan tun kafin tiyata: aikin da gaɓar da aka kulle ta bari, maƙwabtanta ne ke ɗauka. Shi ya sa likitocin yau suke ƙoƙarin kulle mafi ƙarancin gaɓoɓin da za su magance matsalar, wasu ma suna barin ta kuboid ɗin idan lafiyarta ƙalau. Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. An ga ƙwayar shan inna ta daji a Najeriya karo na ƙarshe a Borno a 2016, an kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, amma yaran da ta riga ta taɓa suna nan a Kano da Katsina da Maraɗi, sun zama manya. Wasunsu aikin nan zai iya tsayar musu da tafin ƙafa a ƙasa su sa takalmi. Ba a cika yin sa ba sai ƙasusuwan ƙafa sun kusa gama girma, wajen shekara 10 zuwa 12. Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959, yana daga cikin wuraren da ya kamata a je a ji ta bakin masana.

A tsakiyar ƙafa, inda dogayen ƙasusuwan yatsu biyar suka samo tushe, akwai layin gaɓoɓin da ke ɗauke da sunan Lisfranc, likitan sojan Napoleon. Raunin wannan wuri mayaudari ne. Ƙafa ta kumbura, a ce targaɗe ne, a yi ta murza, bayan watanni ƙafar ta baje, ciwo ya zauna. Ukun farko daga gefen babban yatsa dama can ba su da wani motsi, haɗe su ba ya rage wa mutum komai sosai. Na huɗu da na biyar kuwa suna motsi, su ke sa gefen ƙafa ya bi yanayin ƙasa, don haka akan bar su. A 2006 Ly da Coetzee sun raba majiyyata 41 da jijiyoyin wannan wuri suka tsinke gida biyu, wasu aka jera ƙasusuwan aka riƙe su da sukuru na ɗan lokaci, wasu aka haɗe gaɓoɓin tun farko. Waɗanda aka haɗe wa sun fi samun sauƙi. A nan ƙananan sukuru ake amfani da su, masu milimita 3.5 zuwa 4, kuma suna shiga ne a kwance sosai. Idan kan sukurun ya dira a kan ɓawon ƙashi a wannan kwanciya yakan tsaga shi, ko ya ɗaga ƙashin sama. Manoli da Hansen suka ba da dabara a 1990, a fara sassaƙa 'yar kwalbati a bayan ƙashin yadda kan zai shige ba tare da ya tokare ba. Aikin minti biyu ne, ba ya cin ko kwabo, yana kuma tsare ƙashi daga fashewa. Ita dai wannan dabara ake bi a aikin Lapidus na 1934, wanda ke gyara babban yatsan da ya karkace ta hanyar haɗe tushensa.

Gaɓar gindin babban yatsa tana cikin waɗanda suka fi kamawa. Ko dai sukuru biyu a gicciye, ko sukuru ɗaya mai matsi da faranti a sama. Gwajin da Politi da abokansa suka yi a 2003 ya nuna na biyun ya fi sauran hanyoyin da suka gwada ƙarfi, amma gicciyen ya fi arha, kuma a ƙashi mai kyau yana aiki. Abin kallo a nan shi ne yadda ake auna tsayuwar yatsan. Likita yakan ɗauki murfin tiren kayan aiki, mai faɗi, ya danna shi a tafin ƙafar kamar mutum na tsaye a ƙasa, ya duba kan yatsan. Ana so ya ɗan taɓa murfin ko ya ɗaga kaɗan. Ya yi sama da yawa zai riƙa gugar takalmi, ya yi ƙasa mutum zai riƙa tuntuɓe da shi, gaɓar gaba ta gaji. Murfin tire ya fi ma'aunin digiri faɗin gaskiya a wannan wuri.

Idon sawu kansa akan ɗaure shi da manyan sukuru biyu ko uku, mafi amfaninsu shi ne wanda ke tasowa daga bayan ƙwauri ya bi tsawon talus zuwa wuyansa. A yanzu ana iya kankare gaɓar ta ƙananan huji da kyamara idan ƙafar ba ta karkace sosai ba, abin da ke rage matsalar warkewar fata. Wani babban gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2022 ya gwada haɗewa da dashen gaɓar roba da ƙarfe a kan mutane kimanin 300, bayan shekara guda duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai, ba tare da wani ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau ba. Ga mai aikin ƙarfi, ga kuma wurin da sake tiyata ke da tsada, haɗewa na nan da darajarta.

Inda ƙa'idojin nan suke gazawa shi ne ƙafar da ta daina ji. Charcot na Faransa ya bayyana rugujewar irin wannan gaɓa a 1868, a 1936 Jordan ya danganta ta da ciwon suga, kuturta ma tana kawo ta. Mutum na tafiya a kan ƙasusuwan da suka karye bai sani ba, ƙafar ta yi zafi ta kumbura, tsakiyarta ta faɗo ƙasa, gyambo ya biyo baya. Ƙashin ya yi laushi, ƙananan sukuru ba sa samun abin kamawa, mai ƙafar kuma ba ya jin ciwon da zai hana shi takawa. Sammarco ya tsara wata hanya a 2009: a wuce wurin da ya lalace har zuwa lafiyayyen ƙashi, a rage tsawon ƙashi don fata ta huta, a sa ƙarfe mafi ƙarfi da fatar za ta iya ɗauka. Daga nan ne ake zura dogayen sukuru masu kauri ta cikin ɓargon ƙasusuwan yatsu har zuwa talus. Duk da haka sukan karye ko su zamo baya, shi ya sa akan haɗa su da faranti. In akwai gyambo mai ƙwayoyin cuta, binne ƙarfe a ciki haɗari ne, sai a koma ga zobban waje irin na Ilizarov. Da yadda ciwon suga ke yawaita a garuruwanmu, wannan babi zai ƙara buɗewa, kuma duba tafin ƙafa kullum ya fi duk waɗannan ƙarafa sauƙi.

Kasuwar kayan tiyata ba ta hutawa. Ga na bakin ƙarfe marar tsatsa, ga na titaniyom, ga faranti masu kulle kan sukuru, ga maƙallai na nitinol masu ci gaba da matsewa da kansu. Kowanne na da inda ya dace, farantin kulle a ƙashi mai laushi, alal misali, taimako ne na gaske. Amma ban yarda a sa talaka ya sayar da gona don ƙarfen da fifikonsa a kan ƙashin gawa aka gani ba. Abin da ya wajaba a kiyaye shi ne ingancin ƙarfen da asalinsa, da kuma kasancewar abin huda da abin murɗin da suka dace da shi. Sukuru na gargajiya guda biyu a hannun da ya ƙware sun ishi mafi yawan gaɓoɓin ƙafa.

Daga ranar tiyata ana tsere ne tsakanin ƙashi da ƙarfe. Kowane taku yana lanƙwasa sukurun kaɗan, ƙarfe kuwa yana gajiya. Idan ƙashi ya riga haɗewa, nauyi ya sauka daga kan sukurun, zai zauna shiru shekara da shekaru, ba a ma cire shi sai in yana damun mutum. Idan ƙashin ya yi jinkiri, wata rana sukurun zai karye. Shi ya sa karyayyen sukuru a hoto galibi shaida ce cewa gaɓar ba ta kama ba, ba lallai ƙarfen ne jabu ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ma yakan nuna kamar an haɗe alhali da saura, hoton siti-sikan ya fi tantancewa.

Wanda ya fi kowa iko a wannan tsere shi ne majiyyacin. Easley da abokansa sun duba aikin haɗe gaɓar ƙarƙashin idon sawu guda 184, suka wallafa a 2000: a wajen waɗanda ba sa shan taba kashi 92 cikin 100 sun kama, a wajen masu sha kashi 73. Babu wani sabon sukuru da na sani da ke kawo tazara irin wannan. Nikotin na matse ƙananan jijiyoyin jini, kuma shisha da tabar shaƙa ba su tsira daga wannan ba. Sugan da bai daidaita ba da ƙarancin bitamin D su ma suna jinkirta ƙashi. Sai babbar jarrabawa, makonni 6 zuwa 12, wani lokaci fiye, ba tare da ɗora nauyi a ƙafar ba. Ga mai neman na yau da na gobe wannan ba wasa ba ne, kuma ciwon yakan lafa tun kafin ƙashi ya haɗe, sai mutum ya ɗauka ya warke. Haka nan, komai amincin mai ɗorin unguwa, ƙafar da aka yi wa wannan aiki ba ta murza ba ce, ba ta ja ba ce.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, amma mu rayuwarmu ce: tsuguno, zaman tabarma, lanƙwasa yatsu a sujada, zaman tahiya a kan ƙafar hagu. Haɗe idon sawu yana hana cikakken tsuguno, haɗe gindin babban yatsa yana sauya yadda ake kafa shi a ƙasa. Addini ya yi sauƙi ga mai larura, amma ya kamata mutum ya san abin da zai tarar tun kafin ya sa hannu a takarda.

Don haka, ɗan'uwa, idan kai ko naka aka ba shi wannan shawara, ka tambayi likita wace gaɓa za a kulle, waɗanne za a bari, wane motsi za a rasa, kuma makonni nawa za a yi ba a taka ba. Ka ajiye taba tun makonni kafin ranar, ka daidaita suga, ka tanadi sanduna da wanda zai riƙe maka gida da sana'a har likita ya duba hoto ya ce ka taka.